Babi na Shida: Bin Sawun Wuta a Wayoyin Marikin Babur Mai Ɗumama Hannu

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da ƙanƙara, irin su Ingila da Jamus da Kanada da arewacin Amurka, hannun mahayin babur ne gaɓar da sanyi ke fara kamawa, saboda shi ne yake gaba da komai yana karɓar iska, kuma ba ya motsin da zai sa jini ya yawaita a cikinsa. Idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 5, babur kuma yana gudun kilomita 100 a awa, sanyin da fata ke ji yana kai kimanin digiri 3 ƙasa da sifili. Da zarar zafin fatar yatsu ya sauka ƙasa da digiri 15, ƙwarewarsu ta fara raguwa, alhali waɗannan yatsu su ne ke jan birkin gaba da kuloci, su ne kuma ke murɗa totur. Wannan ne ya sa mariki mai ɗumama hannu, wato robar da ake kamawa a kan babur wadda aka shimfiɗa siririyar wayar zafi a cikinta, ya tashi daga kayan jin daɗi ya shiga sahun kayan kare rai. Kamfanoni kamar BMW suna sayar da wasu baburansu da shi tun daga masana'anta, wasu kuma kamar Oxford na Ingila da Koso na Taiwan suna yin wanda mai babur zai saya ya ɗaura da kansa.

Ɗaurawar ba ta da wuya a ido, domin wayoyin ba su wuce 'yan ƙalilan ba, amma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: a gama aiki a kunna, mariki ya ƙi yin zafi, ko ɗaya ya yi ɗaya ya ƙi, ko kuma a wayi gari batir ya mutu. Abin da wannan babi yake son tabbatarwa shi ne, mafi yawan irin waɗannan matsaloli suna kwance ne a hanyar da wuta ke bi kafin ta isa marikin da kuma hanyar da take bi ta koma, kuma awo ne ke tona su, ana bin sa mataki bayan mataki daga batir. Mai canza kaya bisa zato yakan kashe kuɗi da yini guda, ya bar ainihin ciwon a inda yake.

Yadda mariki ke yin zafi

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami zagaye cikakke: ta fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta ratsa abin da za ta yi wa aiki, sannan ta komo kan batir mai alamar ɗebewa. Ana auna ƙarfin da ke tura ta da ma'aunin bolt, ana auna yawan wadda ke gudana da amfiya, ana auna turjiyar da waya ko na'ura ke yi mata da om, aikin da ta yi kuma ana auna shi da wat. Masanin Jamus Georg Ohm ya bayyana a 1827 cewa yawan wutar da ke gudana shi ne ƙarfin turawa a raba shi da turjiya, daga baya kuma James Joule na Ingila ya nuna cewa wuta tana zama zafi a duk inda ta gamu da turjiya. A kan waɗannan ƙa'idoji biyu marikin ya dogara, kuma su ne fitilar mai neman kuskure.

Wayar zafin da ke cikin kowane mariki tana da turjiya ta 'yan om kaɗan, yawanci tsakanin 6 da 10 gwargwadon kamfanin da ya yi ta. Idan aka ɗauki mariki mai om 7 a matsayin misali, aka ba shi bolt 14, wanda shi ne abin da babur ke bayarwa idan inji yana aiki, zai ja amfiya 2 ya ba da zafi na wat 28. Mariki biyu da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa, wato kowanne yana samun wutarsa kai tsaye daga tushe ɗaya, za su ja amfiya 4 su ba da wat 56. Idan kuwa aka yi kuskure aka haɗa su a jere, wutar ta ratsa na farko sannan ta shiga na biyu, turjiyarsu ta zama om 14, wutar ta ragu zuwa amfiya 1, zafin duka biyun ya koma wat 14, wato kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake nema. Wasu tsofaffin makunnai masu mataki biyu da gangan suke amfani da wannan bambanci wajen ba da zafi kaɗan da zafi mai yawa, shi ya sa musanya wayoyinsu ke haifar da marikin da ba ya wuce ɗumi-ɗumi ko da an kai shi ƙarshe.

Marikan zamani kuwa suna zuwa da ƙaramar na'ura mai sarrafa zafi, wadda ke yanke wuta tana mayar da ita a kai a kai: idan an zaɓi rabin zafi, wutar tana kunne rabin lokaci, tana kashe rabin lokaci. Sanin wannan yana da amfani wajen awo, domin mitar awon wuta da aka ɗora a bakin wannan na'ura za ta iya nuna lambar da ke hawa da sauka, mai aiki ya ɗauka wani abu ya lalace alhali komai lafiya yake. Saboda haka ake kai na'urar matakinta na ƙarshe kafin a auna.

Inda ake ɗauko wuta

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaure wayoyi biyu kai tsaye a kan batir, kuma haka kamfanoni da yawa ke umurta. Illarta ita ce wutar tana nan ko an zare makulli. Batir ɗin babur ƙarami ne, yawanci yana ɗaukar abin da ake kira amfiya-awa 8 zuwa 14, wato adadin amfiyar da zai iya bayarwa a ninka da awannin da zai jure, don haka marikin da aka manta a kunne yana jan amfiya 4 zai raunana shi cikin awa ɗaya ko biyu har ya kasa tayar da inji. Wasu na'urorin sarrafa zafi suna kashe kansu idan suka lura ƙarfin batir ya sauka, amma wannan dabara tana da iyakarta, kamar yadda za a gani a gaba.

Hanya ta biyu ita ce a ɗora marikin a kan wata wayar babur da ke samun wuta sai an murɗa makulli, kamar ta fitilar baya. Wannan yana magance mantuwa, sai dai yana ɗora nauyin amfiya 4 a kan siririyar wayar da aka yi don ƙwan fitila mai wat 5, kuma yana sa marikin ya raba fiyus ɗaya da fitilu. Fiyus wani ɗan siririn ƙarfe ne da aka tsara ya narke idan wuta ta wuce ƙima, kuma idan na fitilu ya narke da dare saboda mariki, mahayi ya shiga duhu a kan hanya.

Hanya ta uku, wadda masu aikin wayarin suka fi amincewa da ita, ita ce amfani da rile, wato makunnin da wuta 'yar kaɗan ke kunnawa domin ya buɗe wa wuta mai yawa hanya. A cikinsa akwai nadin waya da ke zama maganaɗisu idan ya sami wuta, ya jawo ɗan harshen ƙarfe ya haɗa kawuna biyu, kuma nadin ba ya cin fiye da kashi ɗaya cikin biyar na amfiya. Ƙafafun rile suna ɗauke da lambobin da suka fito daga ƙa'idar Jamus mai suna DIN 72552. Ƙafa ta 30 tana karɓar wuta daga batir ta cikin fiyus, ta 87 tana kai wuta ga marikin, ta 86 tana karɓar 'yar wutar umurni daga wayar da makulli ke kunnawa, ta 85 kuma tana komawa kan ɗebewa. Rile mai ƙafa biyar yana da ƙarin ƙafa a tsakiya mai lamba 87a, wadda ke da wuta lokacin da rilen yake kashe, kuma wanda ya ɗaura marikin a kanta zai ga abin mamaki: zafi idan an zare makulli, sanyi idan an kunna. Akwai kuma rilen da aka saka masa dayod a gefen nadin, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, kuma a irin wannan musanya 85 da 86 yana ƙona dayod ɗin ko fiyus ɗin wayar umurni.

Zaɓen wayar umurni shi ma yana bukatar lura. A bayan babur wayar fitilar baya da ta fitilar birki suna tafiya tare, kuma wanda ya rikita su zai sami marikin da ke kunnuwa sai an taka birki. Wayar fitilar gaba tana iya ɗaukewa idan an sauya daga ƙaramin haske zuwa babba. A wasu babura makulli yana da matsayin ajiyewa wanda ke barin fitilar baya a kunne bayan an zare shi, wanda ke nufin rilen ma zai zauna a kunne. Launin waya ba abin dogaro ba ne sai an san kamfanin: wayar komawa a yawancin baburan Honda kore ce, a Yamaha baƙa ce, a Suzuki baƙa mai farin layi, a Kawasaki baƙa mai rawayan layi, a BMW kuwa ruwan ƙasa ce, alhali a Yamaha da Kawasaki ruwan ƙasa ita ce wayar da makulli ke ba wuta. Wanda ya saba da wani kamfani ya koma wani yana iya haɗa wuta da wayar komawa da hannunsa, shi ya sa taswirar wayoyin da ke littafin babur da kuma mita suke gaba da abin da ido ya gani.

Babura na zamani sun ƙara wani sharaɗi. Tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch ya gabatar a 1986, yana sa ƙananan kwamfutocin abin hawa su yi magana da juna ta wayoyi biyu, kuma BMW ya shigo da shi cikin babur ɗinsa R1200GS a 2004. A irin wannan babur kwamfuta ce ke lura da wutar da kowane layi ke ja, kuma idan ta ga nauyin da ba ta sani ba sai ta yanke layin ko ta nuna alamar matsala a allo. A nan ɗora mariki a kan wayar fitila ba ya yiwuwa, sai dai a bi ta soket ɗin da kamfani ya tanada don ƙarin kaya, ko a ɗauki wutar daga batir.

Tsarin bincike

Kayan aikin da ake bukata ba su da yawa: mita mai auna bolt da om da amfiya, da fitilar gwaji mai ƙwai na gaske, da taswirar wayoyin babur. Kafin a taɓa kowace waya ana fara cire kan batir na ɗebewa, a mayar da shi a ƙarshe, domin gangar jikin babur a haɗe take da wannan kan, kuma sifanar da ta taɓa kan tarawa da ƙarfen jiki lokaci guda tana iya yin tartsatsin da zai narka ƙarfe. Ana auna om ne kawai a kan abin da aka cire daga wuta, ana auna bolt kuma wuta tana kunne.

Binciken yana farawa daga batir. Batir na dalma mai lafiya da ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8, idan ya sauka kusa da 12.0 ya yi rauni, kuma duk awon da aka yi a kansa zai ɓatar da mai aiki. Idan an tayar da inji an ɗan murɗa totur, ya kamata lambar ta hau tsakanin 13.5 da 14.5, wanda ke nuna cewa koyil ɗin caji da na'urar da ke daidaita wutarsa suna aikinsu. Daga nan sai a ajiye baƙin tsinken mita a kan ɗebewa, a riƙa tafiya da jan tsinken: gaban fiyus, bayan fiyus, ƙafa ta 30, ƙafa ta 86 bayan an murɗa makulli, ƙafa ta 87, bakin na'urar sarrafa zafi, har zuwa soket ɗin kowane mariki. Wurin da wuta ta ɓace tsakanin awo ɗaya da na gaba, nan ciwon yake. Ƙarar da rile ke yi idan an kunna makulli tana shaida cewa nadinsa ya sami wuta, amma ba ta shaida cewa wuta ta ratsa daga 30 zuwa 87, don haka ba a tsallake wannan awo saboda an ji ƙara. A soket ɗin mariki ana auna tsakanin kawunansa biyu, saboda na'urori da yawa suna yanke wuta ne ta ɓangaren komawa, kuma idan an auna daga jikin babur za a iya ganin bolt 12 ko da na'urar tana kashe.

Akwai tarko ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya yaudari ƙwararru ma. Mita ta zamani kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, saboda haka za ta nuna bolt 12 cif ko da wutar tana bi ta silin waya ɗaya da ya rage ko ta mahaɗin da tsatsa ta cinye. Sai an ɗora nauyi gaskiya ke fitowa. Idan aka koma ga misalin baya, mariki biyu masu jimillar om 3.5, aka ce wani mahaɗi mara kyau ya ƙara rabin om a hanya, wutar za ta sauka daga amfiya 4 zuwa 3.5, mahaɗin zai cinye bolt 1.75, zafin marikin zai faɗo daga wat 56 zuwa kimanin 43, kuma wat 6 za su zama zafi a cikin mahaɗin kansa, wanda ya isa ya narka robar da ke kewaye da shi a hankali. Ana kama irin wannan ɓarawo ta awon faɗuwar bolt: a kunna marikin a matakin ƙarshe, a ɗora tsinke ɗaya a kan tarawa na batir, ɗayan a bakin na'urar sarrafa zafi. Abin da mita ta nuna shi ne abin da hanya ta ci, kuma idan ya wuce rabin bolt akwai wurin da ke bukatar gyara. Haka ake maimaitawa a ɓangaren komawa. Mahaɗin da ke ɗumi idan an taɓa shi da yatsa ya riga ya tona kansa.

Abin da kowace alama ke faɗa

Idan duka marikan biyu suna sanyi kuma fitilar na'urar ba ta kama ba, matsalar tana gaban wurin da wayoyi suka rabu biyu, wato fiyus ko rile ko wayar komawa, ko kuma an juya wayoyin batir. Wayar zafi ba ta damu da fuskar da wuta ta biyo ba, amma na'urar sarrafa zafi ta damu, kuma juya mata wayoyi yana hana ta aiki, wani lokaci ya kashe ta gaba ɗaya.

Idan ɗaya yana zafi ɗaya ba ya yi, sai a musanya soket ɗinsu a bakin na'urar. Idan sanyin ya koma ɗaya hannun, laifin yana ga na'urar ko reshen wayarta, idan kuwa ya tsaya a inda yake, sai a cire marikin daga soket a auna om ɗinsa. Lamba kusa da ta ɗan'uwansa tana nufin yana da lafiya, mita da ta nuna babu haɗi kuma tana nufin wayar zafin ta tsinke. Tsinkewar tana yawan faruwa ne tun lokacin ɗaurawa, idan an bugi marikin da guduma, ko an murɗa shi da ƙarfi, ko an zura sukundireba a ƙarƙashinsa. Ya kamata a san cewa marikan biyu ba faɗinsu ɗaya ba: a ƙarfen kan babur mai kaurin milimita 22, wanda shi ne aka fi samu, marikin dama ya fi faɗin rami domin yana hawa kan bututun totur, kuma tilasta na hagu ya shiga wurin na dama yana lalata shi. Babura irin na Harley-Davidson suna da ƙarfe mai inci ɗaya, wato milimita 25.4, wanda ke bukatar nasa marikin dabam.

Bambancin zafi tsakanin hannuwan biyu, inda na dama ya fi na hagu, sau da yawa ba laifin waya ba ne. Marikin dama yana zaune a kan bututun roba da ke tsare zafi, na hagu kuwa yana kan ƙarfe tsirara da ke zuƙe zafin ya watsa shi cikin iska, musamman idan ƙarfen na alminiyam ne. Wasu kamfanoni suna ƙara wa na hagu ƙarfi saboda haka, wasu masu ɗaurawa kuma suna shimfiɗa siririyar roba a kan ƙarfen kafin su saka marikin.

Fiyus da ke ƙonewa nan take yana nuna cewa wayar wuta tana taɓa ƙarfen jiki a wani wuri, kuma wuraren da aka fi samun haka su ne ƙarƙashin tanki da ƙarƙashin kujera da wuyan babur, inda waya ke matsewa ko gogewa. Ana cire kayan ɗaya bayan ɗaya, a saka fitilar gwaji a gurbin fiyus ɗin, a riƙa mayar da su har a ga wanda ya sa fitilar ta yi haske sosai. Fiyus na amfiya 5 shi ne aka saba sa wa mariki, kuma a cikin irin masu ƙafa biyu faffaɗa launi yana nuna girma: na 10 ja ne, na 15 shuɗi, na 20 rawaya. Saka babba a wurin ƙarami, ko ɗaure gurbin da silin waya, yana mayar da wayar kanta ta zama fiyus, kuma wannan waya tana bi ta ƙarƙashin tankin mai. Wurin fiyus kuma shi ne dab da batir, domin duk tsawon wayar da ke gabansa ba shi da mai tsaronsa.

Marikin da ke kashe kansa idan an tsaya a danja, ya komo idan an tashi, yana ba da labarin ƙarancin caji. A silo koyil ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, kuma idan fitilar gaba mai wat 55 da famfon mai da fankar sanyaya inji suna ci tare, ƙarfin batir yana sauka har na'urar ta ɗauka inji a kashe yake. Manyan baburan tafiya mai nisa suna samar da ɗaruruwan wat, ƙananan kuwa rarar da suke da ita kaɗan ce, don haka ana auna bolt a kan batir da komai a kunne: idan ya tsaya sama da 13 a gudun tafiya babur yana ɗaukar nauyin, idan yana ƙasa da haka batir ne ke biyan bashin. Kishiyar wannan tana faruwa da batir na litiyam, wanda ke hutawa a sama da bolt 13, har na'urar da ke dogara ga awon bolt ta zaci inji yana aiki ta ƙi kashe kanta. Batir da ke mutuwa bayan kwanaki a ajiye kuma ana bincikensa ta cire kan ɗebewa a saka mita tsakaninsa da wayarsa a auna amfiya, makulli a kashe, sannan a zare fiyus ɗin marikin a ga ko lambar ta faɗi. Ba a danna kik mita tana wannan matsayi, saboda wutar tayar da inji ta fi ƙarfinta nesa.

Wayar komawa da mahaɗai

Hankalin mai ɗaurawa yakan tafi ga jar waya ya manta da baƙa, alhali duk amfiyar da ta fita ta ɗaya ita ce za ta komo ta ɗayar. Ɗaure wayar komawa a kan ƙarfen kan babur kuskure ne da ake yawan yi saboda kusancinsa, amma wannan ƙarfe ba ya haɗuwa da gangar jiki sai ta boris ɗin wuya da ke cikin giris, a wasu babura ma a kan roba yake zaune. Wutar da ta bi ta nan tana zuwa tana ɗaukewa gwargwadon juya kai, kuma tana iya cin ƙwallayen boris ɗin. Noti da ke kan fenti ko kan tsatsa shi ma ba ya ba da hanya mai kyau. Mafi aminci shi ne a kai wayar har kan batir, ko wurin da kamfani ya ɗaure tasa wayar komawa.

Mahaɗai kuwa su ne ke yanke hukuncin ko aikin zai kai shekara. Wayoyi biyu da aka murɗe aka naɗe da baƙin salatif suna aiki ranar farko, sai girgiza da ruwa su sassauta su. Irin mahaɗin nan da ake matsawa ya yanka rigar waya yana yanke wasu silin, ya bar ƙofa a buɗe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwan gishirin da ake zubawa a titunan Turai da Kanada don narka ƙanƙara yana bi ta nan ya mayar da jan ƙarfen kore. Abin da ke jurewa shi ne mahaɗin da aka matse da filayar da aka yi dominsa, ko wanda aka yi wa dalma, sannan aka rufe da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1 ta isa ɗaukar amfiya 4 a tsawon babur.

Totur da juyawar kai

Kuskure ɗaya ne a cikin wannan aiki ke iya kashe mutum nan take, kuma yana hannun dama. Wayar marikin dama tana juyawa tare da totur sau dubbai a tafiya guda, don haka ana bar mata lanƙwasa mai sauƙi wadda za ta miƙe ta komo ba tare da ta ja ba, ba kuma tare da ta shiga tsakanin yatsu da hannun birki ba. Idan ta yi gajarta, silinta suna karyewa a gindin marikin, abin da ake ganewa idan lambar om tana tsalle lokacin da ake murɗa totur, ko kuma ta riƙe totur ɗin a buɗe. Gam da ya zuba tsakanin bututu da ƙarfe, ko marikin da ke gogar ƙarfen da ke toshe bakin handil, su ma suna hana totur komawa. Saboda haka, kafin a tayar da inji, ana juya kan babur ƙarshen hagu da ƙarshen dama, a kowane matsayi a murɗa totur a sake shi, a tabbata ya koma da kansa nan take, kuma babu wayar da ta ɗame a wuya. Ana barin gam ya bushe tsawon lokacin da kamfani ya faɗa, domin zafi yana sassauta wanda bai kama ba, mariki ya riƙa juyawa a kan bututu ba tare da ya ja inji ba.

A ƙasar Hausa ba kasafai ake ganin wannan mariki ba, ko da yake wanda ya hau babur da asubahin hunturu a Jos ya san abin da sanyi ke yi wa yatsu. Amma abin da ake ɗora wa babur a nan, cajar waya da ƙarin fitilu da rediyo, yana bin wannan doka ɗaya, har da ƙarin sharaɗi, domin a yawancin ƙananan baburan haya fitilar gaba tana cin wutarta kai tsaye daga koyil, wutar da ke sauya fuska tana hawa da sauka da gudun inji, wadda ba ta dace da na'urar da aka yi don wutar batir ba. Mai gyaran da ya saba tambayar inda wuta ta fito, da inda za ta koma, da abin da zai yanke ta idan ta ɓace hanya, sannan ya ɗora mita ya tabbatar da kowace amsa nauyi yana kunne, zai iya ɗaura kowanne daga cikin waɗannan kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya: minti goma na awo a cikin gareji, kafin a mayar da tanki da kujera, su ne ke raba mahayin da ya isa gida da ɗumin hannu da wanda ya tsaya a gefen hanya cikin sanyi yana neman fiyus.